Taƙi Biyu Na Waƙar Mamanki

Sanyuanli, Guangzhou
14 ga Mayu, 1998

Zuwa ga Najiba, sanyin idona, inuwar da nake fakewa a garin da ban san kowa ba, ruwan randa a tsakiyar bazara.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu? Ya ɗawainiyar asibiti? Ina fatan takardar nan ta same ki cikin walwala, don abin da ke cikinta zai ɓata miki rai, kuma ni na jawo.

Kin tuna yammacin da muka tako titin Huanshi Lu, yayyafi na sauka, kika zaro biro kika rubuta sunana a tafin hannuna da haruffan Makidoniya, ƙasar mahaifiyarki? Kika ce haruffan talatin da ɗaya ne, kowanne da sautinsa, ba ya aron na wani. Kika nuna min biyu masu ɗan karan tsaye a ka, ɗaya kamar farkon "gyaɗa", ɗaya kamar farkon "kyau". Na ce ashe dai mutanen nan 'yan uwanmu ne da suka yi nisan zango. Kika yi dariya har kika dafa bango. Wallahi ranar da ƙyar na yarda na wanke hannun, sai da la'asar ta kusa kuɓuce min.

A ranar ne kika ba ni amanar kaset ɗin Mamanki, Allah ya jiƙanta, wanda ta cika da waƙoƙin garinsu Bitola tana aiki a kicin a Kano. Kika ce shi kaɗai ne muryarta da ta rage a duniya, in juye miki a sabo tunda ni mai sarin rediyo ne. Na bugi ƙirji na ce kwana ɗaya ya yi yawa.

Najiba, ban juye ba. Sati uku ina saurare. Ya zan yi? Muryarta taki ce sak, har yadda take karkaɗa harshe a kan "r" kamar tana rawar sanyi. Duk safiya ina sa shi, ina tafi ina kuskure, don kiɗan nan bugu bakwai ne, uku da biyu da biyu, ƙafata ta Bakano sai tuntuɓe take. Na san da na juye za ki karɓe abinki, ni kuwa son kai ya hana ni.

Ranar Talata rediyon ya cinye zaren. Na kashe da gudu, na zaro shi a tattare kamar taliya. Na zaga masu gyara uku, kowane laoban, wato mai shago, ya juya shi ya kaɗa kai ya ce min "meiyou", babu. Na dawo na zauna da reza da jan farce na haɗa da kaina. Ya koma yana yi, amma taƙi biyu na zaren sun tafi, a waƙa ta huɗu, wadda kika ce da ita take goya ki.

Kaico, ya farin watana! Da yatsuna biyu aka yanke da ya fi min sauƙi.

Baitin da ya ɓace yana kaina. Na ji shi ya fi sau sittin. Ga shi a ƙaramar takardar da ke cikin kwalin kaset, na rubuta da haruffan da kika koya min, yadda kunnena ya kama. Ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba. In na yi shirme ki gyara, in kina so in rera miki zan rera, da muryar nan tawa da kike cewa ta fi dacewa da tallan gawayi.

Sai dai akwai abin da biro ya gagara. A tsakiyar baitin ta tsaya, ta kira sunanki, ta yi wata 'yar dariya, kamar kin shigo mata da ɓarna. Wannan ba zan iya dawo miki da shi ba har abada. Na gwammace ki ji daga bakina da ki sa kaset ki tarar da gurbin.

Zalika, abokiyar ɗakinki, za ta miƙa miki saƙon. Ranar Juma'a bayan masallaci zan tsaya a ƙofar makarantarku. In kin fito, ki zage ni son ranki, na cancanta. In ba ki fito ba zan dawo Juma'a ta gaba, da wadda ke biye mata.

Naki, mai laifi a gare ki, wanda ba zai so wata ba ko kin yafe ko ba ki yafe ba,

Zailani