Kifin Icce Marar Ido

Daren Alhamis, watan Rajab

Yau na jefa kifin iccen da na sassaƙa cikin gulbin Rima, irin wanda na gani hannun Baturen bariki. Na rina shi da shuni da karan dafi, na bi da kakin zuma, na sa mashi ƙugiya, na ɗaura a sandar gora. Ido kam ban sa mashi ba, kada gobe kiyama a ce in hura mashi rai.

Alu masunci ya yi ta dariya. "Malam, wa ka cin makahon kihi?" Da zafin baki na ce in bai kama ba, na bar gulbi har abada.

Ana kiran la'asar gora ta lanƙwashe. Giwan ruwa ne, sai da Alu ya kama mani muka jawo shi.

Ikon Allah. Tun ina yaro nike haƙar tana, ashe ado kifi yake so.