Ƙwallon da ya rage a hagu

Litinin, 5 ga Mayu
Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Duk Sharada ba wanda ya kai ni share teburin snuka a kan agogo, wannan kowa ya sani. Yau a rumfar bayan kamfani, lokacin hutun azahar, yaran sito suka sa ni in koya musu. Na ce: kar ka kalli agogo, ka bar wa mai riƙe da shi. Kar ka buga da ƙarfi, in farar ƙwallon ta yi ta yawo kai ne za ka tsaya jiranta. Kafin wannan ya faɗa rami, idonka yana kan na gaba. Goga wa sanda alli sau ɗaya, tun farko. Suna ta gyaɗa kai kamar za su iya.

Laraba, 7
Ramin hagu ya ƙi ni sau uku. Na ce sandar ce ta karkace.

Alhamis, 8
Ba sandar ba ce. A bayi na rufe idon dama da tafin hannu. Gefen hagu kamar an ja labule. Na wanke fuska na sake, haka dai. Innalillahi.
Shekara tara ina tuƙa foklif, motar ɗaga kaya, a tsakiyar mutane. Wa zai bar wa mai ido ɗaya makulli? Ban faɗa wa matata Sa'adiya ba. Tana ta zancen ɗinkin yara, ina ta cewa to.

Asabar, 10
Kwalli na sa, ko idon zai washe. Sa'adiya ta ce, "Yau kuma angonci ake ji?" Na yi mata dariyar yaƙe.

Talata, 13
Yau na tozarta. 'Yan Bompai sun zo gasa, rumfa ta cika. Musbahu, abokin aikina, shi ke riƙe da agogo a wayarsa. Hannuna ya zauna, ƙwallaye suna ta faɗawa, na ɗaga sanda na ce, "Tsayar!" Sai dariya ta ɓarke. Ashe ja guda yana nan zaune a kusurwar hagu, ƙato, dab da hannuna. Wallahi tebur fes na gani.
Wani ya ce na bar shi sadaka ne. Na biye musu, na ce zafi ne ya juya min kai. Musbahu ne kaɗai bai yi dariya ba. Sai kallona yake.

Laraba, 14
Musbahu ya tare ni wajen alwala. "Auwalu, tun yaushe?" Na ce tun yaushe me. Ya ce sati biyu ke nan yana ganin ina juya kai gaba ɗaya kafin in buga hagu, ni da nake hana mutane waige. Na yi masa tsawa, na ce ya kula da agogonsa. Ya ce ba zai kai ni wajen Malam Uwaisu shugaban sito ba, "amma ka tuna tebur ba ya jini."
Na ji haushinsa sosai. Tsoro nake ji, shi ne gaskiyar.

Juma'a, 16
Na ɗauko buhunan roba zan karya hagu. Na duba, ba kowa. Na taka. Ihu na ji, na danne birki. Abdulbaqi lebura ne a durƙushe yana ɗaure igiya, ƙarfen motar ya yage masa riga a kafaɗa. Rigar kawai. Shi ne ma yake ba ni haƙuri, wai laifinsa ne da ya tsaya a hanya. Matarsa cikin wata bakwai gare ta.
Na kasa cin abinci. A masallaci ban san me liman ya faɗa ba.

Litinin, 19
Na miƙa wa Malam Uwaisu makulli da safe. Na fara cewa baya ne ke ciwo, sai na faɗi gaskiya. Ya ce in tsaya bakin ƙofa ina duba lodi kafin manaja ya dawo ranar Laraba, daga nan bai sani ba. Na ce na gode, ranka ya daɗe.
Ajiye makullin nan na kwana biyu ne kawai, kafin in ga likita. Musbahu zai raka ni asibitin ido gobe, shi ya nace. Sa'adiya kuma sai na ci abinci tukuna zan faɗa mata.
Ɗazu Abdulbaqi ya wuce ta haguna da sabuwar riga, in ji Musbahu. Ya gaishe ni. Muryarsa kawai na ji.