Haushin Farko

Illela, daren Laraba, bazarar 1972

Yau kwikwiyona ya yi haushi. Kwana tara ke nan ina ɓoye da shi ƙarƙashin rumbu, tun da ya shigo ta rariya yana tangaɗi. Nonon saniya ya sa shi zawo, sai na koma tatsar jar akuyarmu a ɓoye. Cikinsa ya tsaya, gashinsa ya yi sheƙi, har na raɗa masa sunan saurayin cikin littafina.

Da la'asar Inna ta tsare ni da ido. "Ke Hadiza, mi ya sami akuyar ga? Ɗanta na ta kuka."

Na ce ƙila zafi ne. Sai kwikwiyon kuma ya amsa da haushi daga ƙarƙashin rumbu.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kin san Babanku da najasa. Jibi zai komo daga Ƙonni, kar ya iske shi."

Ni da ba na wuce zaure tun da na bar lakwal, wato makarantar boko, ina zan kai shi? Ɗazu na gwada tura shi ta rariyar da ya shigo. Ya yi ƙiba, ba ya wucewa.