Hilyon da Hannun Salmanu

Asabar, 11 ga Afrilu, 2020

Annoba ta rufe otal-otal, kayan lambun da kamfaninmu ya yi musu oda kuwa sun yi cirko-cirko a ɗakin sanyi kamar rundunar da aka kashe wa sarkin yaƙi. Manaja ya ce kowa ya ɗebi rabonsa kafin a kai juji. Na kinkimo katan-katan na abin da Larabawa ke kira hilyon, wasu tsirrai kore, dogaye, masu tsini irin na kibiya. Bahaushe bai raɗa musu suna ba domin bai noma su ba.

Na tarar da ƙanena Salmanu a miƙe yadda na bar shi. Tun da aka kulle garejinsu na unguwar Ras Al Khor a nan Dubai ya zama kayan ɗaki. Ya leƙa katan ya ce, "Yaya Dikko, tsintsiya ka sayo mana?" Na jefe shi da takalmi, na kuskure shi, na sami madubi.

Na tara kibau kamar za ni yaƙi,
Maƙiyin nawa kuwa ɗan'uwa ne a ɗaki.

Litinin, 13 ga Afrilu

Na yi nufin dafa su a kwalabe yadda Inna take adana tumatir idan ya yi araha a Kano. Wasila, matar Labaran da ke ɗakin da ke kallon namu, ta hana ni. Ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce tumatir tsaminsa ne ke tsare shi, wannan kuwa ba shi da tsami, tafasar ruwa ba ta kashe abin da ke ɓoye a cikinsa, guba ce wadda ba ta wari. Sai tukunyar firesha babba, mai agogo a kan murfi. Na yi odarta daga rabin albashin da aka bar mana.

Salmanu ya ce kuɗin buhun shinkafa na ƙone a kan ciyawa. Na buga teburi har shayi ya kife a kan littafin waƙoƙina.

Alhamis, 16 ga Afrilu

Tukunya ta iso. Baƙar jaka ce mai kunnuwa biyu, idan ta yi huci ko bijimi ya san da ita.

Asabar, 18 ga Afrilu

Zubin farko ya yi kyau. Na wanke su, na datse gindinsu daidai tsayin kwalba, na jera su tsaye kai sama, kafaɗa da kafaɗa, na sa gishiri kaɗan, na zuba tafasasshen ruwa na bar sarari a wuya. Sai da tururi ya yi ta feshi ya kore iska sannan na ɗora ƙarfen da ke toshe hancinta. Allurar agogo ta hau. Aikin duka a ƙarshensa yake: idan an kashe wuta ba a taɓa ta, ba a lallashinta, sai allura ta sauka da kanta ta kwanta.

Salmanu ya tsaya a ƙofar kicin yana sakace. "Sha'iri ya zama uwargida. Yalla, maza a rera mana baiti ɗaya a kan ciyawa." Wuƙa tana hannuna. Na soke ta a katakon yanka har ta tsaya tana rawa. Ya yi dariya, amma ya ja da baya.

Ranar da ya sauka Dubai Inna ta ce mini a waya, "Ga amanata nan, Dikko." Amana mai baki kamar reza.

Juma'a, 24 ga Afrilu, ɗaya ga Ramadan

Jini a kan tayil. Ba zan iya rubutu ba.

Lahadi, 26 ga Afrilu

Bari in tsara shi yadda ya faru. Bayan la'asar na kashe wa zubi na uku wuta, na shiga wanka. A kicin ɗin nan na haya kowane ɗaki murhu ɗaya gare shi, tukunyata kuwa tana zaune a kan namu. Salmanu yana son dama kunun buɗa-baki. Sai ya yi abin da ya tashi yana gani a gida idan an dafa wake ko ganda: ya sungumi tukunya ya kai ta ƙarƙashin famfo, ya sake mata ruwan sanyi don ta huce da wuri, ya murɗe murfi.

Ƙarar ta same ni da sabulu a ido. Kamar an harba bindigar toka a cikin randa. Na fito da tawul. Kibauna manne a silin, a bango, a labule, gilashi ya watsu kamar ƙanƙara, tururi ya cika wuri. Shi kuma yana durƙushe ya rungume hannunsa na dama.

Na ga hannun. Ba zan yi wa takarda ƙarya ba, na gan shi. Amma kwalabena na fara kallo. Na ɗago shi da wuyan riga na kwaɗa masa mari, na ƙara. Ya sa kai ya tunkuyi ƙirjina, muka zube a kan gilashi, na danne shi ina naushi ina cewa jaki, jakin gareji. Da azumi a bakina. Labaran ne ya shaƙo wuyana ta baya yana salati, Wasila tana ihu, "Malam Dikko, hannunsa! Fatar tana saɓulewa!"

Da za su wuce da shi asibiti ya juyo, leɓensa a fashe, ya ce, "Khalas, shi ke nan. Daga yau ba ni da wa a Dubai."

Laraba, 29 ga Afrilu

Bai dawo ba. Labaran ya ce yana wurin abokan aikinsa a Ras Al Khor. Ɗinki a tafin hannu, ƙuna har gwiwar hannu. Makanike ne, da hannun nan yake ci.

Laifinsa ne. Wa ya aike shi?

Na yi renon ɗan tsako a ƙirji,
Ashe ƙwan da na ɗumama na maciji.

Baitin ya zauna daidai, amma na karanta shi ban ji daɗinsa ba.

Talata, 5 ga Mayu

Inna ta kira, ta ce in ba ta autanta. Na ce ya fita. Ta ce, "Fita ina, ana kulle?" Bayan ta ajiye na maka wayar da bango. Yanzu ta tsage biyu, kamar madubin.

Lahadi, 10 ga Mayu

Na tsinci ɓallin gilashi a bayan firji, da busasshen jini a jikinsa. Ban san na waye ba a cikinmu.

Na kira shi da wayar Labaran. Ya katse.

Asabar, 23 ga Mayu, jajiberin Salla

An sake rabon hilyon a wurin aiki. Na ɗauko, ban san dalili ba. Da hantsi na ɗora, na kashe wuta ke nan na ji ana jan akwati a ɗakinmu. Ya zo kwashe kayansa. Ya rame. Hannun a naɗe, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa sosai.

Ya tsaya a ƙofar kicin inda ya saba. "Har yanzu ana bautar ciyawa? Ka ci sa'a, Sha'iri, ga ɗaya hannun, ko za ka ƙarasa?"

Abin ya taso mini tun daga cibiya, ya hau ƙirji, kunnuwana suka ɗauki zafi. Ludayin ƙarfe yana kusa. Na ja kujera na zauna gaban tukunya, na kafa wa allura ido. Na ce, "Ba a buɗewa yanzu." Ya ce wa ya tambaye ni. Ya ƙara faɗin maganganu, har da wadda ta taɓa matar da ta bar ni. Allura tana sauka a hankali, kamar tsohuwa a kan matakala. Ban san lokacin da ya gaji da tsayuwa ya zauna a kan akwatinsa ba.

Da ta kwanta na ɗaga ƙarfen, na ɗan jira, na buɗe murfin ta gefen da ba ya kallonsa. Duk sun fito lafiya, suna tafasa a cikin gilashi. Da suka fara hucewa murafan kwalaben suka riƙa yin ƙas, ƙas, alamar sun kama. Ya ce, "To, ita ciyawar da me ake cin ta?" Na ce da ƙwai. Ya ce Allah ya sawwaƙe.

Da magariba ta gabato na dama kunu. Ni na ɓare masa dabino, don hannun. Mun kira Inna da wayarsa.

Akwatin yana nan bakin ƙofa, bai buɗe shi ba, bai kuma fita da shi ba. Ludayin yana inda yake. Yau ban yi baiti ba.