Abin da Ƙidayar Turawa Ta Rubuta a Kan Babanki

Zuwa ga kakata kuma takwarata, Hajiya Maryama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta jika ga kakarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, kabarinki ya yalwata, ya cika da haske. Wata goma sha huɗu ke nan da tafiyarki. Duk muna lafiya, sai kewa.

Masu bin wannan shafi sun saba ganin ina surutu a kan littattafan soyayya, su yi haƙuri yau. Da ke nake magana. Abba ne ya ce tunda ni na baza rabin labari, sai in daure in baza sauran.

Kaka, na yi ɓarna. Saura ƙiris in fasa auren Yaya Hafsa, kuma da sunan babanki na yi.

Kin tuna yadda kike ba ni labarin a kicin ɗinmu na unguwar Gorton, nan ƙasar Turawa, kin jingina da hita, suwaita biyu a kan atamfa, kina yi wa sanyin garin nan faɗa kamar yana jin ki? Kakanki Mamman ya bi fataucin fata daga Kano har Ikko. Daga can ya shiga jirgin ruwa yana zuba gawayi a wuta, aka daina jin ɗuriyarsa shekara da shekaru. Ran da ya dawo, akwatin ƙarfe ne a kansa, ga wani jan yaro riƙe da gefen rigarsa. Yaron shi ne Audu, babanki, wanda aka yi ta kira Jatau har ya tsufa.

Uwar fa? Yau ki ce Balarabiya ce ta rasu wajen haihuwa, gobe ki ce Baturiya ce ta musulunta. In na matsa, sai ki ce, “Ke dai miƙo min wuƙar can, 'yar jarida.” Abu ɗaya ne ba ki taɓa canzawa ba: Mamman bai taɓa kiran sunan Audu ba, bai taɓa cewa ɗana ba. Sai dai, “Kai, zo nan.”

Da malamar History ta ba mu project a kan asalin iyali, ke na fara tunawa. Ta ce ƙidayar 1921 a buɗe take yanzu, tunda ta cika shekara ɗari, kuma a babban laburaren gari ana dubawa. Kin san ni da kunya, ko tambayar hanya ba na iyawa. Amma sau huɗu ina zuwa bayan an tashi makaranta, ina gwada sunan ta kowace fuska da Bature zai iya rubuta shi.

Ranar Laraba na same shi. Wani ɗaki a Salford, kusa da inda jiragen ruwa suke tsayawa a da. Mutum biyu kacal. Rubutun na wani Bature ne, a karkace, da alama shi ya cike masa. Amma can ƙasa, wajen sa hannu, ajami ne. Kaka, hannun kakanki ne na gani da idona. Sai da na rufe bakina da mayafi don kada mutumin da ke kusa da ni ya ji.

Layi na farko, Mamman, maigida, haifaffen Kano, mai aikin wuta a jirgi. Layi na biyu, yaro ɗan shekara biyu, haifaffen Salford. An rubuta cewa uwarsa ta rasu. A gurbin da ake faɗar dangantakarsa da maigida kuwa, inda na sa ran ganin ɗa, sai na ga “Boarder”. Wato wanda yake zaune a gidan kawai, ba jinin maigida ba.

Da mai hankali ce ta gani, da ta kai wa Abba. Ni kuwa kafin bas ya kawo ni gida na riga na gama rubuta littafi a kaina. Mamman yana son wata, ta auri wani, mijin ya gudu, ta rasu ta bar jariri, shi kuma ya ɗauke shi ya tsallaka teku da shi saboda ita. Shi ya sa ba ya iya kiran sunansa, don fuskarta yake gani. Har hawaye na yi a bas. Wallahi a lokacin ban taɓa jin abu mai kyau kamar wannan ba.

Sai na tura hoton takardar a group ɗin family. A ƙasa na rubuta: “Ashe Jatau ba ɗan Mamman ba ne! Ɗan masoyiyarsa ne ya riƙe.” Na jera zuciyoyi uku.

Ba ki san Mubarak ba, bayan rasuwarki ya fito neman auren Yaya Hafsa. Yana PhD a Birmingham, yana zaune a wani flat a Aston, mutum ne mai sanyin hali. Baffansa, Alhaji Bala na unguwar Perry Barr can Birmingham, shi ne madadin uba a nan. Asabar ɗin makon da abin ya faru ne za su zo gidanmu a sa rana. Umma har ta yi odar kaji.

Ban san wanda ya fitar da hoton daga group ba, kuma na daina son sani. Kafin la'asar ɗin Alhamis ya je Kano ya dawo. Wata da ban taɓa gani ba ta yi voice note tana cewa dama an daɗe ana raɗe-raɗin tsintacce ne, ga shi jikar gidan da kanta ta tona. Sau ɗaya na saurara, har yau kalmar tana kunnena.

Alhaji Bala ya kira Abba da yammar ranar. Ina kan bene ina jin Abba yana ta “Na'am, Alhaji. Haka ne, Alhaji.” Da ya ajiye waya ya ce da Umma, “Sun ce a ɗan dakata. Akwai abin da suke so su fahimta game da asali.”

Ba wanda ya dake ni, Kaka. Na so a ce an dake ni. Umma ta kira masu kaji ta soke odar, a gabana, ba ta ko kalle ni ba. Yaya Hafsa kuwa, kin san ɗakinmu ɗaya. Ta ninke rigar gwajin biki da ta ɗinka ta mayar cikin leda, a hankali, sannan ta ce, “Ummi, mu ba littafi ba ne.” Daga nan ba ta sake ce min komai ba.

Abba ya ce ranar Asabar mu ne za mu je Birmingham, kuma da ni, in ba da haƙuri da bakina. Ni da ko gaisuwar baƙi sai Umma ta turo ni.

Ranar Juma'a da na dawo daga makaranta na buɗe wardrobe ɗin da aka ajiye kayanki. Ba wani abu nake nema ba, ƙamshin turarenki kawai nake so. A cikin baƙar jakarki ga carbi, ga ɓarin goro ya bushe kamar dutse, ga takardun asibiti na kwanciyarki ta farko. Ina jujjuya su sai na ga sunan Abba a wajen wanda za a kira in wani abu ya faru. A gefe, inda ake rubuta ko shi wane ne a wurinki, an sa “Friend”, wato aboki.

Sai ranar ta dawo min gaba ɗaya. Ina shekara goma sha uku, ni ce tafinta. Abba yana bakin ƙofa yana amsa wayar asibitin da yake aikin likita. Wata nas ta nuna shi da biro ta tambaya ko ɗanki ne. Na juya miki da Hausa. Kika kawar da kai, kika kalli bango, kika ja mayafi.

“Ce mata ɗan gidanmu ne.”

“Kaka, so take ta san ko ke kika haife shi.”

“Ke, ba ki da kunya? Ce mata na san shi.”

Ni kuma na gaya mata kin san shi sosai. Ta rubuta abin da ta rubuta, aka wuce.

Na zauna a ƙasa da takardar a hannu. Abba ɗan farinki ne. Duk zamanki da mu ban taɓa jin kin kira shi da sunansa Aminu ba, sai “Likita”, ko “mai gidan nan”. Shi kansa Abba Yaya Hafsa “Yayarku” yake ce mata. Ni ma Ummi ake kirana don kada a kama sunanki. A cikin abin nan na tashi, ina shaƙarsa kullum, amma da na gan shi a takardar Turawa ban gane shi ba.

Ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake kada ya zama wani littafin ne na sake ƙirƙira.

Ranar Asabar muka hau babbar hanyar M6, abin share gilashi yana ta ƙara. Yaya Hafsa tana kallon taga. Takardu biyu suna cikin jakata, na riƙe ta da hannu biyu.

Falon Alhaji Bala cike yake da ƙamshin girki, amma ba a kawo ko ruwa ba tukuna. Yana kan kujera da farin gemu. Gefensa babban ɗansa Nasiru, wanda yake aikin akanta. Mubarak yana can lungu kansa a ƙasa. Matar Alhaji, Hajiya Binta, tana tsaye a ƙofar kicin. Na durƙusa a kan kafet na gaishe su, muryata ko ni ban ji ta ba.

“Ke ce mai binciken?” in ji Alhaji.

Na ce ni ce, a yi haƙuri, maganar masoyiya ƙarya ce, ni na ƙirƙira.

“Wannan mun ji, yarinta ce. Amma takardar fa? Ita ma ke kika ƙirƙira? Likita, ba ƙin ku muke ba. Sai dai gwamnati ce ta rubuta, kuma ni zan amsa tambayar 'yan'uwa a gida.”

Na ga Yaya Hafsa ta runtse ido.

Ban san lokacin da na zuge jakar ba. Na zaro takardar asibitin. Na ce, “Baba, ga wata ma. Ita ma Turawa ne suka rubuta.”

Alhaji ya miƙa wa Nasiru ya ce, “Kai, duba mana.” Nasiru ya karanta a fili, sunanki, sunan Abba, sannan ya tsaya. “Sun ce Likita abokin Hajiya ne.”

Na ba su labarin nas, ina yi ina sarƙewa, rabi Hausa rabi Turanci. Na ce ni ban san abin da ya faru a ɗakin nan na Salford ba. Amma na san wani ne ya tambayi Mamman, wani ne ya rubuta. In an nuna masa ɗan farinsa aka tambaye shi ko ɗansa ne, ban san me zai iya cewa ba.

Abba ya karɓi takardar daga hannun Nasiru yana kallo, bai taɓa ganin ta ba. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, “Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba.”

Sai Hajiya Binta ta yi gyaran murya daga ƙofa. “To Alhaji, kai gaya mana. Wannan da ya karanta maka takarda, yaya sunansa? Mene ne shi a wurinka? Ga 'yar ƙidaya nan ta rubuta.”

Kaka, da kin ga dattijon nan. Ya kalli silin, ya kalli carbinsa, ya gyara hula. Ko gefen da Nasiru yake bai kalla ba. “Ke dai ba kya rabo da fitina. Kawo wa mutane abinci.”

Nasiru ne ya fara dariya, sai Umma. Alhaji bai yi ba. Ya juyo gare ni ya ce, “Kin ce tsohuwar ta ce bai taɓa kiran sunan yaron ba? Ko sau ɗaya?”

Na ce ko sau ɗaya.

Ya daɗe yana jan carbi. “Da ɗan riƙo ne, da ya kira shi safe da yamma, ya ɗora shi a cinya kowa ya gani. Ba a jin kunyar ɗan wani.” Sannan ya dubi Abba. “Likita, mu ya kamata mu zo muku. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu.”

Sun zo, Kaka. An sa rana, sati biyu bayan Babbar Sallah. Umma ta sake kiran masu kaji.

Ba zan yi miki ƙarya ba, takardar tana nan yadda take, ba abin da ya goge kalmar. Matar da ta haifi babanki har yanzu ba ta da suna, kalma biyu kawai aka ba ta: “ta rasu”. Na koma laburare sau biyu ban same ta ba. In na sake samun wani abu, Abba zan fara kai wa, na yi alkawari.

Yaya Hafsa ba ta ce ta yafe ba. Amma a hanyarmu ta dawowa daga Birmingham, wajen garin Stoke, ta cire kunne ɗaya na earphone ɗinta ta cusa min ba tare da ta kalle ni ba. Jiya kuma ta ce in zo in riƙe mata tef ta auna labulen flat ɗin Aston.

Allah ya jiƙan ki, Kaka, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya jiƙan Audu da Mamman. Ya jiƙan matar nan ta Salford, shi ya san sunanta. Ya sanya albarka a auren Yaya Hafsa, ni kuma ya kama min hannuna da bakina.

Na mayar da jakarki inda take, da carbin da goron. Takardar asibitin ce kawai babu. Abba ya ninke ta ya sa a aljihun gaban rigarsa tun a Perry Barr. Da na tambaye shi, ya ce in bar masa, ta abokiyarsa ce.

Taki har kullum,
takwararki da ba a kiran sunanta,
Ummi