Cakulan Mai Jar Takarda

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Hajara da yara? Mu nan Tsafe sai godiya.

Tun da Inna ta kwanta ciwo take tambayar cakulan ɗin nan mai jar takarda, wanda marigayi Baba ke kawo tsaraba daga Gusau, ya raba mana biyu da reza. Na zagaye kantunan Gusau kaf, an daina yin sa tuntuni.

Sai na ba ta mai tsadar da ka aiko. Ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ta sa na raba biyu, ta ajiye rabonka cikin langa. Ya narke, tururuwa sun shiga, ta hana a zubar.

A sa ta a addu'a, ka gaida iyali. Kada ka ƙara aikowa. Ka zo ka karɓi rabonka.

Ƙanwarka,
Balkisu