Sunan 'Yar Fari

Zuwa ga Yaya Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Mashkura da yara. Ya ƙafar Inna? Ka ce mata ta daina zuwa kasuwar Lolo a ƙasa.

Saƙonka ya iso, wai in tattara in dawo gida, mace ba ta da abin yi a hayin ƙasar Benin inda ake harbe-harbe. Yaya, faɗanka tun muna yara ban taɓa jin tsoronsa ba, balle yanzu. Aikina tafinta ne a sansanin waɗanda suka gudo daga rugage. Wadda nake wa aiki, Likita Batulu, 'yar Sudan ce. Ka tambaya me ya kawo ta ƙasar da ba tata ba. Ni ma na tambaye ta. Yaƙin garinsu ne ya raba ta da ɗiyarta a tashar mota, har yau ba labari. Ta ce a inda ake zaman lafiya ba ta iya zama, gara inda hannunta zai yi amfani.

Abin da ya riƙe ni wata yarinya ce, Atika, wadda aka tsinto bayan an ƙone rugarsu. Kakarta da ta rene ta ta rasu a harin. Ranar Laraba mota za ta kwashe marayu zuwa garin Kandi, har da ita. Amma akwai wata Bafillatana, Asama'u, da kullum nake ganin ta aje wa yarinyar nono a ƙwarya ta wuce, ko kallonta ba ta yi. Likita ta sa na tambaye ta gaban jama'a ko ɗiyarta ce, ta sunkuyar da kai ta ce ɗiyar mutane ce. Likita ta ce uwa ba ta musun ɗanta, ita da za ta ba da ranta ta ga nata. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Ka tuna Inna ba ta taɓa kiran sunanka ba, kai ɗan fari. Ba inda za ni sai na ga ƙarshen wannan.

Ƙanwarka,
Zubaida

Yaya Abdulrashid,

Ina gaishe ka da kowa na gida, da fatan Inna ta samu sauƙi.

Na bi Asama'u bakin rijiya mu biyu, na gaya mata ƙarara cewa idan motar ta tafi ba ta sake ganin yarinyar. Hawaye kawai ta yi. Atika 'yar farinta ce, ga surukanta suna sansanin, kunya ta ɗaure mata baki. Na gaya wa Likita al'adar, ta yarda da ni, amma masu motar suka ce sai uwa ta faɗa da bakinta. Ranar Laraba da aka sa Atika a mota, raina ya ɓaci, na je na tsaya gaban motar, direba yana ta yi mini ƙaho.

Can sai ga Asama'u ta keto cikin mutane, surukinta na tsaye. Ta ce, “Atika, sauko.”

Yarinyar ta yi ta waige-waige, don ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba. Likita ce ta sauko da ita da hannunta, sannan ta koma bayan tanti. Na sami Likita tana ta kiran wani suna a hankali, Hamsatu. Sai ranar na san sunan ɗiyarta.

Akwai sauran yara a sansanin, Yaya, don haka ina nan. Ka gaishe da Inna, ka zauna kusa da ita ko ba ta kira ka ba.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Zubaida